Kilo Ashirin da Shida

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

"Madam Lailatu, muddin ni ne mai lakwal ɗin nan, babu ɗalibin da zai taɓa allura sai kin ce ya iya lissafi. Kuma ko ya iya, sai da babba tsaye a bayansa."

Elhaji Abarci ne ya faɗa, ranar da ya zo har gidana yana roƙon in bar aikin gwamnati in koyar da lissafin magani a lakwal ɗin, wato makarantar koyon jinya da ya buɗe. Hannunsa a ƙirji ya faɗa. Turarensa sai da ya kwana biyu a tabarmata.

Jiya na dawo daga Maradi, daga jinyar yayata. Yau na leƙa kilinik ɗinsa da ke bayan lakwal, na tarar da ɗalibaina cikin fararen riguna, kowa da tiren allura, har da waɗanda na kayar a jarrabawar Yuli. Wai masassarar damina ta yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Ma'aikata biyu sun bar aiki tun bazara, bai ɗauki wasu ba. Ɗalibi kuwa kyauta ne.

Akwai wani yaro a gadon ƙarshe, kusa da taga. Ba na son rubuta shi yau.

Talata, 9 ga Satumba, bayan asuba

Sunansa Huzaifa, daga wani ƙauye bayan Korahane. Shekararsa ɗaya da ƴan watanni. Da hannu ɗaya na ɗaga shi.

A takardar da ke rataye a kan gadonsa an rubuta nauyinsa: kilo 26. Da rubutu mai kyau, har da layi a ƙarƙashi.

Allurar da aka saba yi wa yara ta ƙare, aka koma ga kinin na cikin ƙarin ruwa. Miligiram goma ga kowane kilo, bayan kowace awa takwas. Yaron nan kilo takwas ne. Tamanin ne rabonsa. An ba shi ɗari biyu da sittin. Ɗalibin da ke aikin rana ya ba shi ranar Juma'a. Na yamma ya karanta takarda ya ba shi. Na asuba ya karanta takarda ya ba shi. Sai da Majo Sha'ibu, babban ma'aikacin jinyar da ya rage, ya shigo da safiyar Asabar ya rufe robar ƙarin ruwan.

Mutum uku sun taɓa hannun yaron nan. Hannun da bai kai kaurin muciya ba. Babu wanda ya dubi hannun ya dubi lambar.

Talata, bayan azahar

Na kira Zakiru, wanda ya auna shi. Ya tsaya a bakin aji yana murza hularsa.

"Madam, wallahi yadda kika koya muna na yi. Sikelin yara ya lalace, to sai na manya. Uwa da ɗa, sannan uwa ita kaɗai, a cire."

"Wa ya fara hawa?"

"Wadda ke riƙe da shi."

"Sannan?"

"Na ce uwar ta hau ita kaɗai."

"Wadda ke riƙe da shi ita ce uwar?"

Ya ci gaba da murza hularsa.

Ɗan fari ne. Uwar, Habi, ba ta ɗaukarsa a gaban uwar mijinta, ba ta kiran sunansa, ba ta ko dubansa in da mutane. Kakar ce ta hau da shi, mace mai jiki, sikeli ya nuna saba'in da tara. Da aka ce uwa ta hau, tsohuwa ta sauka da jikanta, yarinya siririya ta hau, hamsin da uku. Shi kuma yana durƙushe, idonsa a kan lamba.

"Ƙafafu na gani, Madam."

Ya cire daidai. Ya ninka daidai. Da a takarda ne da na ba shi maki.

Na ce, "Zakiru, kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Na fari."

"Innarka ta taɓa kiran sunanka?"

"A'a, Madam."

Na ce ya fita kafin in faɗi abin da zai sa in yi istigfari.

Laraba, 10 ga Satumba, hantsi

Na haska wa Huzaifa fitilar waya a ido. Bai bi ba.

Laraba, da yamma

A kowace jarrabawa ina sa tambaya guda wadda ba ta da amsa. Ta Yuli ita ce: jariri ɗan kwana bakwai, kilo talatin, lissafa masa magani. Wanda ya rubuta "Madam, babu irin wannan jariri" ya wuce, ko da ya yi tuntuɓe a wani wuri. Wanda ya lissafa ya faɗi. Sun san haka nake yi, na gaya musu tun makon farko, na maimaita har muryata ta dushe: in ka gama lissafi, ɗaga kai ka dubi mai jikin.

Fiye da rabin aji sun lissafa. Zakiru har da jan biro.

Elhaji ya zo ofis a lokacin yana dariya, wai na cika tsanani, iyayen yara suna kuka. Na tuna masa alkawarinsa. Ya ce yana nan daram. Ashe jira yake in hau motar Maradi.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan azahar

Na tare Elhaji yana fitowa daga mota, na ce sai ya zo ya ga abu. Ya biyo ni yana toshe hanci da gefen rawani. Kilinik ɗinsa ne, warinsa ne, amma shi ke toshe hanci.

Elhaji ɗan kara ne, dillalin dabbobi, tun kafin ya san akwai abin da ake kira lakwal. Yakan tsaya daga nesa ya ce ragon can kilo arba'in ne, a yanka a tarar haka. Na kai shi gadon taga, na tsaya a gaban takardar.

"Elhaji, kilo nawa?"

Ko taɓa shi bai yi ba. "Wanga? Takwas. In ya yi yawa, da rabi."

Na matsa. Ya karanta. Na ga ya karanta sau biyu. Na ɗan lokaci na zaci akwai mutum a cikin babbar rigar nan.

Da muka fito baranda ya ce, "Su wa suka san da wannan?"

Bai tambayi ko yaron zai warke ba. Na jira. Na ba shi lokaci har ya gama gyara agogo. Bai tambaya ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Bai bi ba.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Tun jiya na daina komawa gida da rana. Ina tsayawa a bayansu, tun da babu wani babban. Majo shi kaɗai ne a ɗakin karɓar marasa lafiya, layi har bakin titi. Ina bin tire bayan tire ina cewa: wane magani, na wa, nawa, ta ina, yaushe, karanta min da ƙarfi. Suna kallona kamar na zo hana su sana'a. Wata har da tsaki ƙasa-ƙasa. Na ce ta ɗaga murya in ji, ko tsakin ma ba ta iya auna shi ba.

Amma ni ɗaya ce, gadaje kuwa ɗaki biyu. In ina nan, can hannun wa yake? In na tafi sallah? In na tafi gida?

Na ce da Elhaji ya janye su daga allura har su sake jarrabawa. Ya ce bayan damina. Masassara kuwa yanzu take, ba bayan damina ba.

Lahadi, 14 ga Satumba, hantsi

Tsohuwa ta fita neman fura. Habi na zaune a ƙasa, bayanta ga gadon, kamar kullum. Na zauna kusa da ita. Ta daɗe tana kankare ƙasa da farce.

"Likita."

"Na'am, ɗiyata."

"In ɗan wasu ya daina bin cokali da ido, shina dawowa?"

Na ce wani lokaci yana dawowa, wani lokaci rabi. Na ce yaushe ɗan wasun ya daina.

"Tun daren da muka zo. Bayan ruwa na biyu. Na kaɗa mishi awarwaro ta baya, bai juyo ba. Da safe kuma cokali."

"Kin gaya wa wani?"

"Inna tana nan."

Ta ce ta ja rigar wata mai farar riga, ta nuna gadon da haɓa. Mai farar riga ta ce barci yake ji, ta wuce.

Wato ta gani kafin kowa. Da bayanta ta gani. Da wani ya ja ta gefe ya tambaye ta inda tsohuwa ba ta ji, da ruwa na uku bai shiga ba. Duk ɗalibaina a irin gidajen nan aka haife su. Sun san uwar ɗan fari ba ta magana a gaban suruka. Da sun sa farar riga sai su manta daga ina suka fito, su tsaya a tsakiyar ɗaki suna cewa "akwai matsala?" su wuce kafin a amsa.

Ba kunyarta nake ƙyama ba. Ita aƙalla tana kallo.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan magariba

An kori Zakiru. A ofis, ƙofa a rufe, ba tare da an kira ni ba. Elhaji ya ce an gama, an cire ruɓaɓɓen. Sauran biyun da suka karanta takarda suka ɗura suna nan da tirensu. Ɗaya ɗan abokin cinikinsa ne.

Abin da za a gaya wa iyayen: masassara ce ta hau kai.

Na ce da Majo, "Kai ma haka za ka ce?"

Ya ce, "Madam, ni na rufe robar."

"Na sani. Haka za ka ce?"

"Ina da iyali, Madam. Ke naki sun girma."

Mutumin kirki ne. Na gaji da mutanen kirki. Garin nan cike yake da su, kowa da iyalinsa.

Talata, 16 ga Satumba, bayan azahar

Tsohuwa ta kawo min cuku, busasshen nono irin na makiyaya, a ƙulle cikin ƙyalle. Wai tukuici, tun da ni ce ke yawan zuwa duba jikanta, zazzaɓi kuma ya sauka.

"Allah shi yi muku albarka, ɗiyata. Da ba don ruwan ga naku ba da mun rasa shi."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Na shiga bayan gida na tofar da yawu har sau nawa, ɗacin bai fita ba.

Laraba, 17 ga Satumba, hantsi

Hamdiya yau. Yarinya mai natsuwa, ba ta cikin masu tsaki. Jaririya kilo tara, miligiram casa'in. Kwalbar tana da ɗari uku a kowace mililita, wato abin da za ta zuƙa bai kai sulusin mililita ɗaya ba. Na shigo na tarar ta zuƙe kwalba guda tas tana fasa ta biyu. Ta tsallake ɗigon da ke bayan sifili, tana neman mililita uku.

Na riƙe wuyan hannunta. Na ce, "Dubi abin da ke gadon. Dubi abin da ke hannunki."

Ta duba. Ta saki sirinji ya faɗi. Ta ce, "Madam, na ji kamar ya yi yawa, amma babu wanda zan tambaya."

Duk wanda ya ga yana fasa kwalba ta biyu saboda jariri, ya kamata hannunsa ya mutu. Wannan na koya musu. Ban koya musu abin da za su yi in sun waiga babu kowa ba, domin an yi min alkawari ba za su waiga su ga babu kowa ba.

Da na tsaya gaisawa da mai gadi a ƙofa, da yanzu gadon taga ya sami maƙwabciya.

Na kai wa Elhaji kwalaben biyu na ajiye a kan teburinsa. Ya ce, "To ai kin kama. Alhamdu lillahi. Ga amfaninki nan."

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

An sallami su Huzaifa. Na ce a rubuta musu takardar zuwa wajen likitan ido a Maradi. Elhaji ya hana, domin takardar sai ta faɗi abin da aka ba shi da yawansa. Na ce da tsohuwa ta kai shi ko babu takarda. Ta ce in sha Allahu bayan an yanke gero.

Sun hau amalanke. Tsohuwa ta rungume shi, Habi ta zauna can baya tana kallon hanya. Ya juyar da kai wajen rana, ko kuma zafinta ya ji, ban sani ba.

Ina tsaye a wurin. Bakina yana nan. Ban buɗe shi ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ban fita ba.

Asabar, 20 ga Satumba, hantsi

Na fita, domin na tuna in ba na nan babu kowa.

An sa wata yarinya a gadon taga. Ni na auna ta. Na sa uwar ta hau, na kama hannunta ban saki ba har ta sake hawa ita kaɗai. Ɗalibai suna ta kallo kamar wasa nake.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Na ɗauko tsohon littafina na magunguna, wanda na yi karatu da shi a Damagaram, na sake karanta shafin kinin, kamar rubutun zai canza don na matsa masa. Yana nan yadda na san shi. Wasu ganinsu yana dawowa cikin kwanaki, wasu cikin makonni, wasu ta tsakiya kawai kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Wasu kuma. Ana so likitan ido ya duba da wuri. Littafin bai san da yankan gero ba.

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata inda mugu ke da fuskar mugu. Namu yana raba goro, yana gina masallaci a bakin tasha, yana tambayar lafiyar yayata da sunanta.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan magariba

Zakiru ya yi sallama a ƙofar gida. Ya rame. Na bar shi a zaure na ɗan lokaci, sannan na fito da kujera ɗaya, tawa.

"Madam, ya gani?"

"Ban sani ba."

"Babana ya ce in tafi Maradi wajen kawuna in kama awon hatsi."

"Ka tafi. Buhu ba ya makancewa."

Na faɗi kalmar. Tun da abin ya faru ban faɗe ta ba sai a kansa. Ya durƙusa ya rufe fuska. Ban ji tausayinsa ba, ko kuma na ji na hana kaina.

Da ya ɗago ya ce, "Na san ƙauyen. Na tambayi mai amalanken. In za ki je, ni zan faɗa da bakina."

"Za su iya dukanka."

"Na sani."

"Kada ka zaci ka burge ni."

"A'a, Madam."

Na sa aka kawo masa ruwa. A cikin duk masu fararen riguna da babbar riga, wanda aka kora ne kaɗai ya tambayi idon yaron.

Talata, 23 ga Satumba, hantsi

Wani ya sake rubuta nauyi ba tare da ya hau da yaro sikeli ba. Wai layi ya yi tsawo, ya kimanta. Na ce ubansa ne ɗan kara ko shi? Na yaga takardar a gabansa.

Kaina yana ciwo tun asuba. Ƙafafuna sun kumbura. Ba zan iya tsayuwar nan har ƙarshen damina ba, kuma Elhaji ya san haka, shi ya sa yake min murmushi.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan azahar

Na shiga ofishinsa ban zauna ba. Yana da baƙi biyu, dillalan shanu. Ya ce in dawo an jima. Na ce su zauna, gara a sami shaidu.

Na ce abu biyu. A karɓe allura daga hannun kowane ɗalibi har sai ya zauna a gabana ya ci jarrabawa, kuma ko ya ci sai da ma'aikaci a bayansa, ya ɗauko su daga inda zai ɗauko. Na biyu, motarsa ta je ƙauye ta ɗauko yaron zuwa Maradi, da takarda mai faɗin gaskiya, da sa hannunsa.

Ya ce, "Madam, ke fa ma'aikaciyata ce."

Na ce, "Har Juma'a."

Ɗaya dillalin ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Elhaji ya yi dariya, ya ce mata in sun yi karatu sai a hankali. Na duba agogon bangonsa na fita.

Laraba, bayan la'asar

Na rubuta a nan don kada jibi in yi wa kaina wayo.

Elhaji yana da har a sauko daga masallacin Juma'a. In na leƙa ɗakin yara na ga sirinji a hannun ɗalibi shi kaɗai, ko na ga motarsa a inuwar da ta saba, to shi ke nan. Daga nan ofishin babban likitan gunduma zan wuce, da ƙafata, kafin a tashi aiki. Zan ba shi lambobin, da sunan maganin, da sunana. Aikin lakwal kuwa na san ya tafi, ya tafi lafiya.

Asabar da sassafe ni da Zakiru za mu kama hanyar Korahane. Zan ɗauko yaron in kai shi Maradi ko gero ya zube a gona. Amma kafin nan sai sun ji abin da aka zuba masa, da wanda ya auna, da wanda ya tura mai awon, da wadda ta karɓi cuku ta ce amin.

Tsohuwa za ta fito ta tare mu, ita ce babba, zan gaishe ta yadda ya kamata. Sannan in wuce ta. Habi zan fara gaya wa. In ta juya min baya, zan zagaya.